Fom Ɗin da Ya Ƙi Sifili

Kusan duk wata sai an turo mini samari da 'yan mata biyu ko uku, wai in duba su in ga ko sun isa a ba su aiki. Kowa da laftof ɗinsa mai sitika a baya, kowa ya gama kwas na wata uku, kowa ya iya JavaScript, yaren da ake ba shafin intanet umarni da shi. In na ce wa mutum ya haɗa mini fom, wato shafin nan mai gurabe da ake cika suna da lambar waya, sai ya yi murmushi kamar na ce ya ɗebo mini ruwa a randa. Kafin shayina ya huce ya gama. Sai in jawo laftof ɗin, in buga sifili a gurbi ɗaya, in bar na biyu fayau, in danna dogon maɓallin nan na tazara sau uku a na uku, in miƙa masa kayansa. Yawanci daga nan murmushin yake ɗaukar hutu.

Ba mugunta ce take sa ni ba. Akwai wata baiwar Allah, Madam Ladi, ma'aikaciyar lafiya, wadda ta kusa rasa aikinta da mutuncinta a kan layi ɗaya na umarnin kwamfuta da na rubuta da hannuna, layin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A lokacin na haura shekara goma sha biyar a sana'ar nan, ina ganin babu abin da ya rage fom ya nuna mini. Zan ba ku labarin, amma sai na fara daga inda na koyi aikin, don ku ga yadda layin nan ya shigo hannuna.

Daga Zariya na zo Abuja, kuma ba kwamfuta ce ta kawo ni ba, tsaron shagon atamfar kawuna ne. Jikin shagonmu akwai wani ɗan ofis da ake buga takardu da ɗaukar hoton fasfo da haɗa shafukan intanet, na wani mutumin kudancin Kaduna da kowa yake ce wa Oga Bulus. In kasuwa ta yi sanyi sai in leƙa in tsaya a bayansa ina kallo. Da ya gaji da inuwata a kan allonsa sai ya jawo mini kujera. Kayan aikinmu a lokacin wata tsohuwar kwamfuta ce mai ƙara kamar injin markaɗe, da janareta mai zuciya, da intanet da sai ka yi alwala ka dawo shafi bai gama buɗewa ba. Saboda haka in muka samu kod mai kyau, wato rubutaccen umarnin da kwamfuta take bi, Oga Bulus sa ni yake in kwafe shi da biro a littafi. Na tsani wannan aiki a lokacin, amma shi ya sa har yau nake karanta kod layi-layi ba na tsallake.

Aikin farko da ya sakar mini ni kaɗai na wata makarantar firamare ce. Suna son malamin aji ya buga yawan maza da yawan mata, shafi ya haɗa ya ba da jimilla. Na gama a yini ɗaya, na koma shago ina tafiya ina buɗa kafaɗa. Washegari shugabar makarantar ta kira Oga Bulus tana tambaya ko a ina za ta zaunar da yara ɗari da ashirin da tara a aji ɗaya. Maza goma sha biyu ne, mata tara. Shafina ya ɗauki 12 ya manna masa 9 a gefe ya ba ta 129.

Oga Bulus bai yi faɗa ba, dariya ya yi har da riƙe ciki. Da ya gama ya ce, "Nasiru, saurara da kyau. Duk abin da mutum ya buga a fom, rubutu ne. Ko ya buga goma sha biyu, a wajen JavaScript ba goma sha biyu ba ne, ɗaya ne da biyu suna zaune kusa da juna. In ka ce ya haɗa rubutu da rubutu, jera su zai yi. Kai ne za ka mai da shi adadi da kanka kafin ka yi lissafi."

Na ji, har na ji fiye da kima. Daga ranar duk abin da na ga yana kama da lamba sai in mai da shi adadi. Ana haka muka samu aikin wata ƙungiyar manoma a Paikon Kore, suna son rajistar mambobi don a riƙa tura musu saƙon ranar rabon taki. Na mai da lambobin waya adadi. To adadi ba ya farawa da sifili, don haka kowace lamba ta zubar da sifilinta na farko, saƙo ko ɗaya bai tafi ba. Shugabansu, wani dattijo mai doya da yawa da magana kaɗan, ya hawo mota ya zo har ofis da takardar da muka buga musu. Ya nuna layin sunansa ya ce, "Malam, lambata ta rame." A nan na gane lambar waya suna ce, ba abin lissafi ba, ba wanda yake tara lambar waya da wata.

Ku fahimci halin wannan yare tun yanzu. JavaScript ba ya son ya ce maka a'a. Kawuna haka yake a shago, bai taɓa ce wa mai saye babu ba, ko atamfar ba ita ba ce sai ya lallaɓa ka har ka yarda ita ce. In ka ce wa JavaScript ya gwada abu biyu da alamar daidai guda biyu, `==`, ya ga ɗaya rubutu ne ɗaya adadi, ba zai tsaya ya ce ba jinsinsu ɗaya ba. Zai juya rubutun ya koma adadi a ɓoye, sannan ya gwada. Gurbin da aka bari fayau, in ya juya shi, sifili yake zama. Wanda aka cika da tazara kawai, shi ma sifili. Alamar daidai guda uku, `===`, ita ce ba ta wannan lallaɓawar, in jinsi ya bambanta ta ce bai yi ba, shi ke nan. Oga Bulus uku yake amfani da ita ko da yaushe. Ni kuwa da na gano wannan hali sai na ga ai na tsinci dabara.

Dabarar ita ce `amsa == 0`. Da wannan ɗan layi nake kama wanda ya bar gurbi fayau da wanda ya danna tazara don ya yaudari fom, duka a bugu ɗaya, sai jan rubutu ya fito ya ce, "Cika wannan gurbi." Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ajiye shi a wani fayil da nake kira jakata, inda nake tara 'yan guntayen kod da nake ɗauka daga aiki zuwa aiki. Shekara da shekaru layin nan yana yi mini hidima a gurbin suna, da gurbin unguwa, da yawan ɗakunan da baƙo yake so a otal, da girman gona. Bai taɓa ba ni kunya ba, domin ba wanda sunansa sifili, ba kuma mai kama ɗaki sifili.

Shekarar da abin ya faru ita ce mafi tsanani da na gani a sana'ar. Oga Bulus ya tsufa ya koma gida, ya bar mini kwastomominsa. Sai ga wasu manhajoji sun fito da kowa zai haɗa wa kansa shafi yana kwance a kan kujera. Makarantu suka janye, otal-otal suka bi bayansu. Kullum in fito daga Kubwa da sassafe, in yi kokawar shiga bas da ma'aikatan gwamnati, in buɗe ofis, in share, in zauna ina kallon ƙofa har la'asar. Na fara tunanin ko in koma wa atamfa.

A cikin wannan hali Hajiya Rabi ta kira ni. Ita ce shugabar wani shirin rigakafin yara a wata ƙungiya mai zaman kanta, mace mai tsare gida, ba ta son a maimaita mata magana, ita ma ba ta maimaitawa. Suna son fom a waya. Ma'aikatansu za su shiga unguwanni su rubuta sunan yaro, da sunan uwa, da watanninsa, da yawan allurar rigakafin da aka taɓa yi masa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam Nasiru, abin da ya fi damunmu shi ne yaran da ba a taɓa yi musu ko ɗaya ba. Su muke nema. Motar allura wajensu za ta fara zuwa." Na ce na gane, Hajiya. Da kunnena na ji wannan magana, kada ku manta.

Na zazzage jakata na haɗa fom a mako ɗaya. Na gwada shi da sunayen 'ya'yana, waɗanda duk an yi musu allurarsu. Na sa uku, ya wuce. Na sa biyar, ya wuce. Na bar shi fayau, ja ya fito. Na danna tazara, ja ya fito. Na ce alhamdulillahi, na miƙa aiki. A ƙasan fom ɗin kuma na maƙala sunan ofishina da adireshi da ƙananan haruffa, ko Allah zai sa wani ya gani ya kawo aiki.

Bayan 'yan makonni Hajiya ta kira ta ce ma'aikaciyarsu ta Kuchigoro tana ta ƙorafi wai waya tana ba ta wahala. Iyakar abin da ya iso gare ni ke nan, domin saƙon ya bi ta bakin mutum biyu kafin ya zo. Na buɗe fom na sake sa uku, na sake sa biyar. Na ce, "Hajiya, lafiyarsa lau. Kin san mutanenmu da waya, ko dai data ce ta ƙare ko kuma hannu ne bai saba ba." Da za a ba ni damar janye magana ɗaya a duk shekarun aikina, wannan zan janye.

Abin da ya biyo baya sai daga baya na ji shi. Da aka fitar da jerin yaran da ba a taɓa yi wa allura ba, Kuchigoro ta fito fayau, babu yaro ko ɗaya. Wurin kuwa cike yake da mutanen da rikici ya koro daga arewa maso gabas, wasu 'ya'yansu a hanya aka haife su, wasu a ƙauyen da ba asibiti. Motar allura ta bi jeri ta tafi wasu unguwanni. Hajiya dai abin bai kwanta mata ba, ta tura masu bincike. Ɗakunan farko da suka shiga suka tarar da yaran da allura ba ta taɓa taɓa jikinsu ba, a waya kuma an rubuta musu ɗaya. Nan take, a gaban matan da suke layi, suka karɓe wayar Madam Ladi da rigar aikinta, suka ce ta zauna a gida sai kwamiti ya neme ta. Magana ta bazu cewa zama take a gindin bishiya tana cika ƙarya.

Ana gobe kwamiti zai zauna, da hantsi, na ji an buga ƙofar ofis. Wata mata ce gajera kakkaura, ta kai shekara hamsin, da jaka a hammata, ƙafafunta duk jar ƙasa. 'Yar Gbagyi ce, Hausarta ta kasuwa da asibiti ce, ba ruwanta da wane ne namiji wace ce mace a magana.

Ta ce, "Kai ne Nasiru mai waya?"

Na ce, "Ni ne, Madam. Bismillah, ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba, oga. Sunana Ladi. A ƙasan abin nan naka na ga adireshi. Buɗe shi."

Na buɗe fom a wayata. Ta tsaya a kaina. Ta ce in sa kowane suna, na sa. Ta ce in sa wata takwas, na sa. Sannan ta ce, "Wurin allura, sa ziro."

Na buga sifili na danna aika. Jan rubutu ya fito, "Cika wannan gurbi." Na goge na sake bugawa. Ja. Na buga sifili biyu a jere. Ja. Ban buƙaci buɗe kod ba, layin ya zo ya tsaya mini a ido. Sifilin da aka buga rubutu ne, JavaScript ya juya shi ya zama adadin sifili, ya gwada shi da sifilina, ya ce ai daidai suke, wato gurbin fayau yake. Amsar da aka kafa shirin gaba ɗaya don a same ta, ita kaɗai ce fom ɗina ba ya karɓa.

Madam Ladi ta ce, "Ka gani? Mata cike da layi, rana yana dukan su, yara yana kuka, waya ya ce cika, cika. In ban sa komai ba bai wuce ba. In na sa ziro bai wuce ba. In na bar yaron, sunan shi bai shiga ko'ina ba, kamar ba a haife shi ba. To na sa ɗaya, sai na rubuta gaskiya a nan."

Ta zaro wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yi laushi don shan hannu. Tun kafin zuwan waya, in ji ta, ba ta taɓa fita aiki ba da littafi ba, kuma ba ta ga dalilin dainawa ba. Duk yaron da ta sa a waya yana ciki, da sunan uwarsa da layin ɗakinsu. Wanda ba a taɓa yi wa allura ba kuma ta ɗiga masa jan biro a gefe. Na riƙa buɗa shafi bayan shafi, jan ɗigo yana bin gefen takarda har ƙasa.

Na ce, "Madam, ba ki nuna wa masu binciken wannan ba?"

"Na nuna. Sun ce jiya na zauna na rubuta shi."

"Ba ki gaya musu maganar sifilin ba?"

"Na faɗa. Sun ce mai waya ya riga ya duba, ya ce lafiya lau."

Kunya ta rufe ni. Hannuna da kansa ya tafi kan laftof. Gyaran bai fi minti biyu ba, kuma da na tura shi, duk wayoyin ƙungiyar za su ɗauka kafin azahar. Ba zan ɓoye muku ba, a cikin daƙiƙun nan na hango cewa in na gyara shiru, ba wanda zai taɓa sanin laifina, aikin da ya rage mini shi kaɗai a shekarar kuma zai tsira. Ban kai ga yanke shawara ba sai na ga tafin hannunta a kan murfin laftof ɗin, ta rufe shi a hankali.

Ta ce, "Oga, abeg, don Allah. In ka gyara yau, gobe su danna ziro ya wuce, ni ne maƙaryaci sau biyu. Bar shi da ciwon shi su gani."

Na janye hannuna. Na ce mata gobe tare za mu shiga.

Washegari muka tarar da Hajiya Rabi da mutum biyu na kwamiti, ga fayil a gabanta, ana hango takardar sallama a sama an riga an buga, sa hannu kawai take jira. Ta yi mamakin ganina. Na ce, "Hajiya, kafin a fara, ina roƙon ki ɗauki wayarki ki yi wa yaro ɗaya rajista, yaron da ba a taɓa yi wa allura ba." Ta dube ni, ta ɗauki waya. Muna jin ƙarar maɓallan. Ta tsaya. Ta sake. Ta miƙa wa na kusa da ita, shi ma ya gwada, ya ajiye wayar a hankali kamar mai zafi.

Ta ce, "Malam Nasiru, ba kai ka ce mini lafiyarsa lau ba?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya. Ban gwada sifili ba. Laifina ne, ba nata ba."

"Shi kaɗai na ce maka muna nema."

Na sunkuyar da kai. Hajiya ta miƙa hannu ta karɓi littafin Madam Ladi, ta tura mutum ya ɗauko rahoton masu bincike, ta riƙa gwada suna da suna. Duk yaron da suka tarar ba allura, ga jan ɗigonsa a littafi. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta zare takardar sallamar daga fayil ta yaga ta biyu, ta ce, "Ladi, ki yafe mana. Mun zalunce ki." Wata irin ajiyar zuciya ta ƙwace mini har na kusa da ni ya waiwayo. Ban san ko aikina ya tsira ba a lokacin, amma wallahi nauyin da ya sauka daga ƙirjina ya fi na aikin.

Hajiya ba ta kore ni ba. Hukuncin da ta yanke shi ne in gyara fom Madam Ladi tana zaune a gefena, kuma sai ita ta ce ya yi sannan ya yi. A nan ma ta sake ceto na. Cikin sauri na cire mugun layin, na sa a mai da amsar adadi kai tsaye. Sifili ya wuce, na washe baki. Ta ce in bar gurbin fayau in aika. Ya wuce, ya je ya zauna a jeri a matsayin sifili, domin babu komai in JavaScript ya juya shi, sifili yake bayarwa. Da na bar shi haka, duk ma'aikacin da ya manta bai cika ba, yaron ya zama wanda ba a taɓa yi wa allura ba. Na fito daga rami ɗaya na nufi na kusa da shi.

Ta kuma ce, "Wanda katin alluran shi ya ƙone a gari fa? Wanda uwan ya mutu, kaka ne ya kawo shi, bai san komai ba? Babu daban, ban sani ba daban." Sai muka ƙara wani ɗan akwati da za a taɓa in mai kawo yaro ba ta sani ba.

Ga yadda muka tsara shi, kuma haka nake yi har yau. Da farko ka ɗauki amsar a matsayinta na rubutu, ka share tazarar gaba da baya. Ka tambaya da alama uku ko abin da ya rage babu komai ne, in haka ne ka ce a cika. Sannan ka duba harafi-harafi ka tabbata lambobi ne zalla, don akwai hanyar juyawa da in aka buga 2 da wani harafi a bayansa za ta ɗauki biyun ta yar da sauran ba ta gaya maka ba. Sai bayan nan ka mai da shi adadi da hannunka, ka duba ko yana cikin iyakar hankali. Bayan ka juya ma kada ka tambayi JavaScript wai akwai abu ko babu, domin adadin sifili a wajensa babu ne. Layi biyar ko shida ne a madadin ɗaya. Samarin yanzu suna cewa ya yi tsawo, ni kuwa ina cewa su buga, yatsa ba ya ƙarewa. Na kuma bi duk tsofaffin ayyukana ina farautar layin nan ina cirewa, aka sake bin sauran unguwannin shirin, don ashe wasu ma'aikatan ma ɗaya suke sawa, ba su dai da littafi.

Da muka gama, Madam Ladi ta sa littafinta a jaka, ta miƙe, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Hajiya ya yaga takarda, na gode. Amma a ofis ya yaga. Matan da aka cire mini riga a gaban su, wa zai gaya musu?"

Ranar da motar allura ta je Kuchigoro da jerin jan ɗigo, ina cikinta, a matse tsakanin akwatunan sanyi. An kafa tebur a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Madam Ladi ta sa rigarta ta zauna da waya da littafi. Mata sun taru da goyo, amma sun tsaya nesa-nesa suna kallo, ba wadda ta matso. Shugaban mazauna wurin ya tsawatar aka yi shiru, ya ce ga wani baƙo yana da magana.

Ban taɓa yi wa taron mata jawabi ba. Na ce sunana Nasiru, ni na haɗa abin da yake cikin wayar nan. Na ce Madam Ladi ba ta yi ƙarya ba, wayar ce ta ƙi karɓar gaskiya, kuma ni na sa ta ƙi, ba da gangan ba, da ganganci. Na ce duk yaron da mota ta zo dominsa yau, daga littafinta aka samo sunansa. Wata ta riƙa juya maganar zuwa Kanuri don waɗanda Hausa ba ta zauna musu ba.

Wata tsohuwa da take zaune a kan bokiti ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ladi, wai wane ne wannan?"

Madam Ladi ta ce, "Mama, shi ne mutumin da yake cikin wayan."

Tsohuwar ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi ta ce, "To Allah ya shirye shi." Dariya ta ɓarke a rumfar, har da ni, don ban taɓa jin addu'ar da ta dace da ni kamar wannan ba.

Ana cikin dariyar wata matashiyar uwa ta kunto goyonta ta matso gaban tebur. Wata ta bi bayanta, wata ta bi, kafin ka ce me layi ya miƙe har wajen rumfa. Madam Ladi ta tambayi suna, ta tambayi watanni, ta tambayi allura. Uwar ta girgiza kai ta ce ko ɗaya. Daga inda nake tsaye ina hango allon wayar. Ta buga sifili, ta danna aika, sunan ya shige. Ko kallona ba ta yi ba, ta nuna wa uwar inda mai allura take, ta ɗaga murya ta ce, "Na gaba!"

Na samu gefen benci na zauna ina kallon layin yana tafiya.